Rabin Aji: A Auna Kwalliya, a Auna Kuɗin Sabulu

Duk wanda ya san unguwar Utako ta Abuja da safe ya san yara iri biyu ne ke bin titunanta. Akwai 'yan shekara uku da huɗu da ake saukewa daga mota a ƙofar makarantun raino masu zaman kansu, jaka a baya, gorar ruwa a wuya, iyayensu na biyan dubban ɗaruruwan naira kowane zango. Akwai kuma tsararrakinsu da ke yini a gindin teburin uwa a tashar mota ko cikin kasuwa, tsakanin tukunyar shinkafa da bokitin wanke-wanke, ko a bayan wata yayarsu 'yar shekara tara wadda ita ma a aji ya kamata a same ta. Na farkon aljihun iyayensu ya tsaya musu. Na biyun ba su da kowa sai baitulmali, kuma abin da baitulmali ke ware musu bai taka kara ya karya ba.

Muhawarar da masana ilimi da masu tsara kasafi ke yi ita ce: wannan ɗan abin, da wane mudu za a raba shi? Wasu sun ce a bi lissafi. Kowane shiri a duba nawa ya ci, a duba me ya bari a kan yaro, sannan a bai wa wanda nairarsa ta fi yin aiki. Wasu sun ce wannan rashin tausayi ne, ilimin yaro haƙƙi ne, haƙƙi kuma ba a cinikinsa. Ni ina tare da masu lissafi, kuma gara in faɗi dalilina tun yanzu. Ko mun so ko mun ƙi, ana yin lissafi a kan kuɗin yaran nan. Ɗan kwangila yana yin nasa. Mai sa hannu a takardar kwangila yana yin nasa. Ɗan siyasar da ke neman ginin da zai ƙaddamar a gaban kyamara yana yin nasa. Yaron ne kaɗai ba a taɓa zama an yi masa ba. Wanda duk ya ce a bar lissafi don tausayi, ya bar wa waɗancan ukun fili ne.

Mu fara da kuɗin. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya kula da ƙananan yara cikin abin da ta kira ilimin tushe, ta kuma ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi da Abuja ta hannun hukumar UBEC, wadda hedikwatarta ke Wuse, tafiyar 'yan mintuna daga Utako. Sharaɗin shi ne jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na tarayya. A tsarin rabon da aka shimfiɗa tun farko, firamare ta samu kashi 60, ƙaramar sakandare 35, rabin aji kuwa 5. A 2013 aka sabunta manufar ilimi ta ƙasa, aka ce kowane yaro ya yi shekara guda a ajin share fage kafin ya shiga aji ɗaya. A takarda ke nan. A ƙasa kuwa, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa a cikin yara 'yan shekara uku da huɗu, waɗanda ke zuwa wani aji ba su kai huɗu cikin goma ba, kuma a gidajen da suka fi talauci abin bai wuce kimanin ɗaya cikin goma ba. A taron UNESCO na Tashkent a Nuwamban 2022, ƙasashe sun amince a kai kason wannan mataki aƙalla kashi 10 na kuɗin ilimi. Namu biyar ɗin ma ba na dukkan kasafin ilimi ba ne, na wannan tallafin ne kawai, shi ma sai jiha ta ga dama. A ƙarshen 2024 UBEC ta fito ta ce sama da naira biliyan 100 na jibge, jihohi ba su zo sun ɗauka ba.

Mai dukiya na iya yin ɓarna ya gyara. Mai kashi biyar idan ya zubar, shi ke nan, kuma yaron da ya cika shekara biyar a bana ba zai sake cika ta baɗi ba.

Lissafin da nake magana a kai ba wani tsafi ba ne. Matar da ke sayar da abinci a tashar Utako tana yin sa kullum: ta san shinkafa mai araha da ba ta auki ta fi mai tsadar da ke kumbura cin kuɗi, domin ita faranti take ƙirgawa, ba buhu ba. Haka abin yake. Ana ɗaukar duk abin da shiri ya ci, da albashi da kayan aiki da horo da kason gini, a raba shi da abin da ake nema, wato yawan yaran da suka isa aji ɗaya a shirye: suna gane sauti da adadi, suna iya zama su saurara, suna iya riƙe fensir, suna iya faɗin abin da ke ransu. Ga misali da alƙaluman da kowa ya sani. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne, wato 840,000 a shekara. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malama ɗaya ga yara 25 a wannan mataki. Kowane yaro ya tashi a kan naira 33,600 na albashi ke nan. Idan aka cusa wa malamar yara 100, kuɗin ya sauko zuwa 8,400. Akawun da bai san aikinsa ba zai tafa, ya ce an yi tsimi. To amma a cikin ɗarin nan, nawa ne suka koyi wani abu ban da kuka da ƙwacen takalmi? Idan biyar ne, kowannensu ya ci naira 168,000. Idan kuma ashirin daga ajin 25 suka fito a shirye, kowanne ya ci 42,000. Ajin da ya yi kama da mai tsada shi ne mai sauƙi ninki huɗu. Araha ba ta ado, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata mai sukar lissafi ya gane: neman mafi arha daban, neman mafi amfani daban.

Yanzu a duba yadda muka saba kashe kuɗin ilimi. Gini muke so. A Afrilun 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya buɗe makarantar almajirai ta zamani a Gagi, Sakkwato, aka ci gaba har aka gina 157 a kan kimanin naira biliyan 15. Bayan 'yan shekaru 'yan jarida suka zagaya suka tarar da yawa a rufe, wasu an mai da su wani abu daban, domin ba a tanadi albashin malami da abincin yaro da amincewar alarammomi ba. Wa ya zauna tun farko ya tambaya: da biliyan 15 ɗin nan, ta wace hanya ce almajirai mafi yawa za su iya karatu da lissafi? Daga baya aka zo da makarantun zamani masu kwamfuta da allon lantarki, guda 37, kowace jiha ɗaya, ta Abuja tana Karshi. Ba na cewa ba su da kyau. Ina tambaya ne: yara nawa suke ɗauka, a kan nawa, kuma da a ce kuɗin ɗaya daga cikinsu aka zuba a horar da malaman rabin aji, azuzuwa nawa zai taɓa? Gini yana da uban gida, domin ana ganinsa, ana fenta shi, ana liƙa masa suna. Horar da malama da zagayen duba ta ba su da uban gida. Ruwa ba ya tsami banza.

Me duniya ta gano da ta auna? A nan zan ɗan daɗe, saboda masu goyon bayan ilimin yara da kansu suna yawan ɗauko rabin labari.

Shahararren gwajin shi ne na makarantar Perry a garin Ypsilanti, jihar Michigan ta Amurka, wanda aka fara a 1962. Yara 123 ne 'ya'yan talakawa baƙar fata, aka zaɓi 58 aka saka su a aji, sauran aka bar su, aka bi rayuwarsu shekaru aru-aru. Waɗanda suka shiga sun fi samun aiki, sun fi samun kuɗi, kuma ba su kai sauran shiga hannun 'yan sanda ba. James Heckman, wanda ya samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2000, ya ƙiyasta ribar da kashi 7 zuwa 10 cikin 100 duk shekara. Wannan adadi ne ake ta rerawa a tarukan otal-otal na Abuja. Abin da ba a faɗa shi ne malaman Perry masu digiri ne, kowace tana riƙe da yara biyar ko shida, kuma duk mako tana zuwa gidan kowane yaro ta zauna da uwarsa. Kuma babban kaso na ribar daga raguwar laifuka ya fito, a ƙasar da ɗaure mutum ke cin kuɗi mai yawa. Wanda ya ɗauko ribar Perry ya liƙa wa ajin yara 100 a ƙarƙashin kwano mai zafi, ya yi wa mutane ƙarya da alƙaluman gaskiya.

A Amurkar dai, jihar Tennessee ta buɗe azuzuwan share fage a makarantun gwamnati, masu binciken jami'ar Vanderbilt suka bi yara kusan 3,000 da ƙuri'a ta raba tsakanin masu shiga da marasa shiga. Da farko masu shiga suka yi gaba. A sakamakon da aka fitar a 2022, lokacin da yaran suka kai aji shida, masu shigar ne a baya a jarrabawa, kuma sun fi samun matsalar ladabi. Ashe buɗe aji kaɗai ba ya wadatarwa. Rabin aji mara kyau na iya zama asara, har ma ya cutar. In ba don an auna ba, da har yau ana yabon shirin.

Waɗanda suka fi kama da mu su ne suka fi ba ni ƙwarin gwiwa. A Kingston ta Jamaika, a 1986 da 1987, Sally Grantham-McGregor da abokan aikinta suka ɗauki yara 129 da tamowa ta tsumburar, 'yan wata 9 zuwa 24. Wasu aka riƙa ba su madara. Wasu kuma ma'aikaciyar lafiya ta unguwa ke zuwa gidansu sa'a guda duk mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da yaro, ta yi masa hira, da kayan wasan da aka haɗa daga tarkacen gida. Bayan shekara ashirin, waɗanda aka yi wa ziyarar suna samun kuɗin da ya ɗara na sauran da kimanin kashi 25 cikin 100. Madarar ita kaɗai ba ta bar wata alama mai ɗorewa ba. Ba a gina aji ko ɗaya ba. A lardin Gaza na Mozambik kuma, daga 2008, ƙungiyar Save the Children ta taimaka wa ƙauyuka suka kafa 'yan azuzuwansu, da matan gari a matsayin malamai, a kan ƙasa da dala uku ga kowane yaro a wata. Bankin Duniya ya auna, ya ga shigar yaran firamare ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ya kuma ga wani abu da ya kamata ya ratsa zuciyar duk ɗan Arewa: yayyen yaran ma sun ƙara zuwa makaranta, iyaye mata kuma sun samu sararin neman na kansu. Yarinyar nan 'yar shekara tara mai goyo a kasuwa, ajin ƙaninta ne zai kwance mata zani.

Sai Gana. A 2015 da 2016 an gwada shiri a makarantu 240 a yankin Accra. Aka ba malaman rabin aji ɗan gajeren horo kan koyarwa ta hanyar wasa da daina tsawa da duka, sannan aka riƙa zuwa ana duba su a aji. Koyarwa ta gyaru, yara suka ƙaru, malamai suka rage guduwa daga aiki. A wasu makarantun aka ƙara da tara iyaye ana wayar musu da kai, kowa yana zaton abin zai ninka. Sai ya zama ƙarin ya goge ribar da aka samu a kan yaran. Wane ne cikinmu zai yi hasashen haka da tunani kawai? Ni dai da an tambaye ni, da na rantse taron iyaye alheri ne tsantsa. Gani ya kori ji. Kwamitin masanan da Bankin Duniya da UNICEF da hukumomin agaji na Birtaniya da Amurka suka kafa ya tattara irin waɗannan gwaje-gwaje a 2020 da 2023. Ya sanya ajin share fage mai inganci da koya wa iyaye renon ƙwaƙwalwar jarirai cikin abubuwan da kuɗinsu ke biya. Ya sanya sayen kwamfutoci da tara kayan aiki ba tare da sauya yadda ake koyarwa ba cikin cinikin asara. A duba kasafinmu a ga wanne muka fi saye.

Yanzu ga masu suka, kuma wasunsu suna da gaskiya fiye da yadda masu lissafi ke so su amsa.

Wani dattijon malamin firamare da nake girmamawa ya taɓa ce mini: “Ɗana, ku 'yan boko komai sai kun sa masa farashi. Yaushe aka fara tambayar ribar tarbiyya?” Na ce masa: “Baba, ba tarbiyyar ake sa wa farashi ba, hanyoyin kai ta ga yaro ake gwadawa.” Haƙƙin yaro ba ya cikin abin da ake aunawa, an riga an yanke cewa a ba shi. Amma idan kuɗin hannu na iya kai haƙƙin ga yara 200 ta wata hanya, ko 2,000 ta wata, wanda ya zaɓi ta farkon don ya ƙi lissafi, me zai gaya wa iyayen 1,800 ɗin da suka rage? Kiran abu haƙƙi ba ya ƙara ko kwabo a asusu.

Suka ta biyu ta fi nauyi: alƙaluman baƙi ne, Kingston ba Karmo ta Abuja ba ce. Na yarda, har na ƙara da cewa gwaji ƙarami da ƙwararru suka tsaya a kansa yakan yi kyau, idan gwamnati ta faɗaɗa shi sai ya tsinke. To amma ina wannan hujja ta kai mu? Ta kai mu ga mu auna namu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai ya ɗaga kai ya duba. Kuma ba daga sifili za mu fara ba. An gwada koyar da karatu da Hausa a ƙananan azuzuwan firamare a Bauchi da Sakkwato, an gwada a Katsina da Zamfara, an gwada raba yara bisa matakin iyawarsu a Wudil da Dawakin Tofa ta Kano, kuma duk an riƙa gwada yaran kafin da bayan shirin. Mutanen da suka yi wannan awon 'yan ƙasar nan ne, suna nan da ransu. Abuja tana da ƙananan hukumomi shida kacal, tana da Kwalejin Ilimi a Zuba, tana da jami'a a Gwagwalada. Me zai hana a ɗauki makarantu sittin, a raba su uku da ƙuri'a, wasu a ba su horon malamai da mai zagayen dubawa, wasu a ƙara musu abincin safe, wasu a bar su yadda suke, a gwada yaran a farkon shekara da ƙarshenta? 

Suka ta uku ita ce wadda ta fi tsaya mini a rai. Lissafi, in aka sake shi ba linzami, yana bin yaron da ya fi sauƙin kaiwa. Yaron Utako yana kusa da kwalta, malama za ta yarda ta zo, mai duba aiki zai iso da ɗan kuɗin mota. Yaron wani ƙauye a Kwali ko Abaji, ko na rugar Fulani, ko kurma, ko gurgu, kowannensu ya fi tsada. Idan aka ce kawai a samo yara mafi yawa da naira mafi ƙaranci, to za a yi ta zuba kuɗi a tsakiyar birni, a kira shi nasara. Wannan haɗari ne na gaske, kuma maganinsa shi ne a san iyakar aikin lissafi. Wa za a fara kaiwa, wannan hukuncin adalci ne, al'umma ce ke yanke shi, kuma ni na ce a fara da mafi talauci. Bayan an yanke, sai lissafi ya shigo ya nuna hanyar da ta fi kai wa gare su. Akwai ma abin da ke rage fargabar: gwaje-gwajen da suka yi nasara cikin waɗanda na ambata duk a kan 'ya'yan talakawa suka nuna ribarsu, domin yaron da gidansu ba littafi ba mai yi masa tatsuniya shi ne ajin ke ƙara wa abu mai yawa. A ƙasar da binciken lafiya na 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, kuma Arewa maso Yamma ta haura rabi, ba sai an yi dogon nema ba. Utako kanta tana da nata: tsohon ƙauyen da birni ya zagaye, da 'ya'yan masu dako da masu wankin mota da masu tallar ruwa, waɗanda ke kwana kusa da makarantun da ba za su taɓa taka ƙofarsu ba.

Akwai kuma masu cewa duk abin da aka ce za a auna, shi malamai za su koma yi wa bauta. Gaskiya ne. Mun riga mun gani a makarantun kuɗi: yaro ɗan shekara uku da aikin gida, ana tilasta masa haddar haruffan Turanci da ƙirga har ɗari, don uba ya ji daɗin kuɗinsa. Idan ma'aunin gwamnati ya zama “yaro nawa ne ya haddace”, to mun sayi bulala da kuɗinmu. Dole ma'aunin ya haɗa da yalwar kalmomin yaro a harshen da yake ji, da iya sauraro, da zama da 'yan'uwa, da lafiyar jiki, sannan a sake duba shi a aji biyu ko uku a ga ko abin ya zauna. Darasin Tennessee ke nan. Kuma wanda ya gudanar da shiri kada ya zama shi ne mai auna kansa.

Wani abu da masu kasafi ke tsallakewa, kuma lissafi na gaskiya zai tono shi, shi ne makarantun allo da Islamiyya. A unguwanninmu yaro ɗan shekara huɗu ya riga ya saba da zama gaban malam ko malama. Ɗaki yana nan, tabarma tana nan, amincewar iyaye tana nan, wadda ita ce abin da biliyan 15 ta kasa saya. Idan aka horar da malamar Islamiyya, aka ba ta ɗan alawus da littattafan hoto na Hausa da kayan ƙirga, ta ƙara sa'a biyu da safe, nawa yaro zai tashi idan aka gwada da sabon gini? Haka cocin da ke da ɗakin yara a unguwannin Gbagyi. Ban ce tabbas zai yi aiki ba. Na ce ya cancanci a saka shi a gwajin, kuma dalilin da ya sa ba a saka shi ba shi ne babu kwangila a ciki. Haka batun abinci. Shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016 a kan naira 70 ga kowane yaro, 'yan aji ɗaya zuwa uku ya ɗauka, ya tsallake 'yan rabin aji, waɗanda su ne yunwa ta fi yi wa illa. Wane lissafi ne ya haifar da wannan? Jamaika ta nuna abinci shi kaɗai ba ya gina ƙwaƙwalwa, amma kowace malama ta san yaron da bai karya ba ba ya jin kira.

Sai dai duk wannan magana tana tsaye ne a kan mutum ɗaya. A 2025 malaman firamaren gwamnati na Abuja sun yi yajin aiki daga ƙarshen Maris har farkon Yuli, sama da wata uku, saboda ƙananan hukumomi ba su biya su sabon mafi ƙarancin albashi da bashin da suke bi ba. A babban birnin ƙasa ke nan, inda ake buɗe sababbin tituna da gadoji da kiɗa. A waɗannan watanni, kowace nairar da aka kashe a kan fenti da kujeru da rufi ribarta sifili ce, domin ƙofa a rufe take. Duk wani lissafin da aka yi da gaskiya zai sa albashin malama a kan lokaci a sahun farko, kafin horo, kafin littafi, nesa kafin gini. Kuma zai hana al'adar nan ta tura malamar da aka ga ta gaji ko ta kasa zuwa rabin aji, wai ai reno ne kawai. Kwalejojin ilimi suna yaye masu shaidar NCE a fannin koyar da ƙananan yara. Su nawa ne aka ɗauka aiki, su nawa kuma ke sayar da kati a bakin titi?

Abin da nake nema daga hukumar ilimin bai-ɗaya ta Abuja da majalisar ƙaramar hukumar AMAC, wadda Utako ke ƙarƙashinta, bai fi ƙarfinsu ba. Duk shekara su liƙa a ƙofar kowace makaranta, su kuma buga a jarida: nawa aka kashe a rabin aji kuma a kan me, yara nawa ke gaban kowace malama, kwana nawa aka buɗe aji, kuma cikin yaran da suka wuce aji ɗaya nawa ne wani mai awo daga waje ya samu a shirye. Ofisoshin manyan jaridu da sakatariyar 'yan jarida ta Abuja suna nan cikin Utako. Masu tambaya ba su yi nisa ba. Shirin da ya gaza shekara biyu a jere a rufe shi, ko na wane ne, kuɗinsa ya koma ga wanda ya nuna aiki. Duk wanda kuma ya kawo takardar sabon gini, kafin a sa hannu ya rubuta a shafin farko sunan asusun da zai biya malamar da za ta tsaya a cikinsa, da adadin yaran da kuɗin ginin zai koyar in da horo da albashi aka yi da shi.